Yadda Masana Kimiyya Ke Auna Sabon Bincike Idan Ya Fito a Labarai

(Taken shiri)

Shirin na yau zai yi nazari ne a kan wani abu da duk mai bin labarai ya saba ji, wato rahoton cewa masu bincike a wata jami'a sun gano sabon magani, ko sun gano cewa wani abinci yana haddasa cuta, sannan a ƙarshen rahoton a ji wani masani da ba ya cikin binciken yana cewa sakamakon yana da ban sha'awa amma akwai buƙatar ƙarin nazari. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan furuci a matsayin kame-kame, wasu kuma suna fassara shi da hassada irin ta abokan sana'a, alhali kuwa a bayansa akwai wasu sanannun tambayoyi da masana ke yi wa kowane bincike, kuma amsoshin tambayoyin ne ke sa a karɓi wani sakamako cikin yini guda, a kuma yi watsi da wani ko da duniya duka ta ɗauka. Shirin zai bayyana waɗannan tambayoyi, ya kuma nuna yadda suka yi aiki a wasu al'amura da suka faru a zahiri.

Kafin a fahimci martanin masana, ya kamata a san hanyar da bincike ke bi har ya iso kunnen mai sauraro. Idan masu bincike suka kammala aikinsu, sukan rubuta maƙala wadda ke bayyana tambayar da suka nemi amsawa, da hanyar da suka bi, da alƙaluman da suka samu, sannan su aika ta ga mujallar ilimi, irin su The Lancet ta Birtaniya ko New England Journal of Medicine ta Amurka. Editan mujallar yakan tura maƙalar ga masana biyu ko uku na wannan fanni waɗanda ba su da hannu a aikin, domin su duba ta su nuna gyara ko su ba da shawarar a ƙi ta, kuma wannan mataki shi ake kira bitar takwarori. Bitar tana tace kurakurai da dama, amma tana da iyaka, domin masu yin ta ba sa maimaita gwajin da kansu, kuma galibi ba sa ganin ainihin bayanan marasa lafiya sai abin da marubuta suka taƙaita musu. Saboda haka fitowar maƙala a babbar mujalla yana nufin aikin ya kai a tattauna shi, hukunci kuwa yana zuwa ne daga baya, bayan sauran masana sun karanta, sun yi suka, wasu kuma sun sake gwadawa.

Manyan mujallu sukan ba 'yan jarida maƙalar kwanaki kaɗan kafin ranar fitowarta, bisa sharaɗin kada kowa ya yaɗa labarin sai lokacin da aka tsayar ya cika, kuma tare da ita jami'ar da ta yi binciken takan fitar da sanarwar manema labarai, wato taƙaitaccen bayani cikin harshe mai sauƙi. A wannan gaɓa ce zuzutawa ta fi shigowa. A shekarar 2014 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta buga wani nazari da masana na Jami'ar Cardiff suka jagoranta, inda suka duba sanarwa 462 da manyan jami'o'in Birtaniya 20 suka fitar a 2011 a kan binciken lafiya. Sun gano cewa kashi 40 cikin 100 na sanarwar sun ba da shawarar da ta wuce abin da maƙalar ta faɗa, kashi 33 sun mayar da alaƙa tsakanin abu biyu ta zama dalili, kashi 36 kuma sun ɗora sakamakon gwajin dabbobi a kan mutane. Sun kuma gano cewa idan sanarwar ta zuzuta, yawancin rahotannin jaridu sukan zuzuta, idan kuwa ba ta yi ba, kaɗan ne ke ƙara gishiri da kansu. Wannan ne ya sa masanin da aka nemi ra'ayinsa yakan nemi maƙalar kanta ya karanta, ba ya dogara da sanarwar.

Al'adar neman ra'ayin masana masu zaman kansu a ranar da labari ya fito ta ƙara ƙarfi ne bayan wani darasi mai tsada. A watan Fabrairun 1998 mujallar The Lancet ta buga maƙalar wani likita ɗan Birtaniya mai suna Andrew Wakefield da abokan aikinsa, a kan yara 12 kacal, wadda ta haifar da zargin cewa allurar rigakafin da ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela tana da alaƙa da larurar otizim, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane. Maƙalar da kanta ta amsa cewa ba ta tabbatar da alaƙar ba, amma a taron manema labarai Wakefield ya yi kira da a daina ba da allurar a haɗe, jaridu kuma suka riƙe maganar shekara da shekaru. Adadin yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka daga kimanin kashi 92 cikin 100 zuwa kimanin kashi 80, kuma ƙyanda ta sake samun gindin zama a ƙasar. Martanin masana ya zo ta hanyar manyan bincike, domin a 2002 masana a Denmak sun bi bayanan yara sama da 537,000 ba su ga wata alaƙa ba, a 2019 kuma suka sake da yara sama da 657,000 suka sami amsa iri ɗaya. A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya bankaɗo cewa Wakefield yana karɓar kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai kamfanonin allurar ƙara, abin da bai bayyana wa masu karatu ba. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, hukumar likitocin Birtaniya kuma ta soke sunansa daga rajistar likitoci.

A tsakiyar wannan rikici, da kuma taƙaddamar cutar haukan shanu da ta amfanin gona da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, wani kwamiti na Majalisar Dattawan Birtaniya ya fitar da rahoto a shekarar 2000 yana kira ga masana su daina guje wa 'yan jarida. Daga nan aka kafa cibiyar da ake kira Science Media Centre a birnin Landan a 2002, wadda aikinta shi ne, da zarar wani bincike ya kusa fitowa, ta aika shi ga ƙwararrun da ba su da hannu a ciki, ta tattara sharhinsu, ta miƙa wa 'yan jarida kafin su rubuta labarinsu. Kowane masani yakan bayyana ko yana da wata alaƙa ta kuɗi ko ta aiki da batun, domin mai karatu ya san inda ya tsaya. An kafa irin wannan cibiya a ƙasashe kamar Ostireliya da New Zealand da Jamus, kuma ko da yake akwai masu sukar tsarin da cewa yana fifita muryar manyan cibiyoyi, ya sa sharhin masana ya zama wani ɓangare na labarin tun daga ranar farko.

Tambaya ta farko da masani ke yi ita ce a kan wa aka yi gwajin. Bincike da yawa da ake sanarwa a matsayin sabon maganin ciwon daji ko na ciwon mantuwa an yi su ne a kan ɓeraye, ko a kan ƙwayoyin jiki da aka raina a ɗakin gwaji, kuma jikin ɗan Adam ya bambanta da waɗannan ta fuskar yadda yake sarrafa magani da yadda cuta ke tafiya a cikinsa. Ko a cikin magungunan da suka tsallake wannan mataki suka kai ga gwaji a jikin mutane, kimanin tara cikin goma ba sa kaiwa ga samun izinin sayarwa, ko dai saboda ba su yi aiki ba ko saboda illarsu ta rinjayi amfaninsu.

Tambaya ta biyu ita ce mutum nawa aka gwada, kuma da wa aka kwatanta su. Yawancin cututtuka suna lafawa da kansu ko su riƙa hawa da sauka, don haka idan an ba mutum magani ya warke, ba za a san ko maganin ne ya yi aiki ba sai an ga abin da ya sami wasu masu irin ciwonsa waɗanda ba a ba su ba, kuma waɗannan su ake kira rukunin kwatance. Hanya mafi inganci ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ba bisa zaɓin likita ko na majiyyaci ba, domin ƙuri'a tana sa tsofaffi da matasa, masu ƙarfi da masu rauni, su watsu daidai a rukunan biyu, ta yadda bambancin da zai bayyana a ƙarshe za a iya jingina shi ga maganin.

Tambaya ta uku ita ce ko abin da aka gani dalili ne ko kuwa alaƙa ce kawai. A binciken sa ido, wato wanda ake bin rayuwar mutane ba tare da an ba su komai ba, ana iya ganin abu biyu suna tafiya tare alhali wani abu na uku ne ke jan su. A shekarun 1980 an lura cewa masu yawan cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu ɗauke da sinadarin bita-karotin, wanda ke ba karas launinsa, ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba, har aka yi zaton sinadarin ne ke kare su. Da aka gwada shi ta hanyar ƙuri'a a ƙasar Finlan a kan maza masu shan taba sama da 29,000, sakamakon da aka buga a 1994 ya nuna cewa ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin 100 a rukunin da aka ba ƙwayar sinadarin, kuma a 1996 aka dakatar da irin wannan gwaji a Amurka kafin wa'adinsa saboda an ga alama iri ɗaya. Masu cin kayan lambu sun bambanta da sauran mutane ta fuskoki da yawa na rayuwa, kuma binciken sa ido ba ya iya raba waɗannan fuskoki gaba ɗaya.

Tambaya ta huɗu ita ce girman abin da aka gano. A watan Oktoban 2015 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai domin ya daɗe, irin su soseji da naman gwangwani, a rukuni ɗaya da taba sigari, ta kuma ce cin giram 50 nasa kowace rana yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kashi 18 cikin 100. Jaridu da dama suka ruwaito cewa naman daidai yake da taba, sai masana ƙididdiga suka fito suka yi bayani cewa rukunin yana nuna ƙarfin hujja ne, bai nuna girman haɗari ba. Suka ƙara da cewa a Birtaniya kimanin mutum 6 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu, don haka ƙarin kashi 18 yana nufin adadin ya tashi zuwa kimanin 7 cikin 100, alhali taba tana ninka haɗarin ciwon dajin huhu ninki goma ko fiye. Duk lokacin da aka ce haɗari ya ƙaru ko ya ninka, masani yakan tambaya daga nawa zuwa nawa.

Tambaya ta biyar ta shafi wanda ya ɗauki nauyin binciken da kuma ko wasu sun maimaita shi. Kuɗin kamfani ba ya soke sakamako, domin yawancin magunguna kamfanoni ne ke gwada su, amma yana sa a ƙara sa ido. Maimaitawa kuwa ita ce ginshiƙi, domin matsayin bincike guda a wurin masana kamar na shaida ɗaya ne a gaban alƙali, wanda za a saurare shi, a binciki adalcinsa, amma ba za a yanke hukunci mai nauyi ba sai an ji wasu shaidun da ba su haɗa baki da shi ba.

(Gajeren hutu)

Jama'a masu sauraro, barka da sake kasancewa da shirin, wanda ke bayani a kan yadda masana kimiyya ke auna sabon bincike. Babu lokacin da waɗannan tambayoyi suka yi aiki a bainar jama'a kamar watannin farko na annobar korona a 2020, lokacin da maƙaloli ke fitowa kullum, da yawansu ma a shafukan intanet na rahotannin share fage, wato inda masu bincike ke ajiye aikinsu kowa ya karanta tun kafin a yi masa bitar takwarori.

A watan Maris na wannan shekara wata tawaga a birnin Marseille na Faransa, ƙarƙashin Farfesa Didier Raoult, ta sanar da cewa maganin haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro, yana kawar da ƙwayar korona daga jikin majiyyata. Labarin ya zagaye duniya cikin kwanaki, shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba wa maganin a bainar jama'a, kuma a cikin wannan mako hukumomin lafiya na jihar Legas suka ba da rahoton mutanen da aka kai asibiti saboda sun sha kulorokwin fiye da ƙima. Masanan da suka karanta maƙalar kuwa nan take suka ga rauninta. Mutum 26 ne kawai aka ba maganin, aka kwatanta su da 16, kuma ba a raba su ta ƙuri'a ba. Abin da aka auna shi ne ko ana samun ƙwayar cutar a hanci bayan kwana shida, ba a auna ko majiyyaci ya rayu ba. Mafi muni, an cire shida daga cikin waɗanda aka ba maganin daga lissafi, waɗanda uku daga cikinsu an mayar da su sashen kulawa ta musamman, ɗaya kuma ya rasu, wato an bar waɗanda ciwonsu ya tsananta a waje sannan aka ce maganin ya yi aiki. Mujallar da ta buga maƙalar ta janye ta a watan Disamban 2024.

Wani zai iya zaton masana sun ƙi maganin ne kawai, amma abin da ya biyo baya ya nuna cewa ma'aunin nasu ba ya duba ɓangare. A ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga wata maƙala da ta ce ta tattara bayanan majiyyata sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, ta kuma yanke cewa maganin yana ƙara yawan mace-mace, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajinsa na ɗan lokaci. Ko da yake sakamakon ya yi daidai da shakkun da masana da yawa ke da shi, sama da masana 100 sun sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna tuhumar alƙaluman, domin adadin mamatan da aka jingina wa asibitocin Ostireliya ya zarce wanda hukumomin ƙasar suka sanar, kuma yawan cikakkun bayanan kwamfuta da aka ce an samo daga asibitocin Afirka bai yi kama da gaskiya ba. Da kamfanin Surgisphere, wanda ya samar da bayanan, ya ƙi bari a bincika su, sai aka janye maƙalar a ranar 4 ga Yuni, ƙasa da mako biyu da fitowarta.

Amsar ta fito ne daga wani gwaji mai suna RECOVERY, wanda Peter Horby da Martin Landray na Jami'ar Oxford suka jagoranta a asibitocin Birtaniya sama da 170, inda ake raba majiyyata ta hanyar ƙuri'a ana kuma ƙirga waɗanda suka rasu cikin kwana 28. A ranar 5 ga Yuni suka sanar da cewa bayan kwatanta mutum sama da 1,500 da aka ba haidiroksikulorokwin da wasu sama da 3,000 da ba a ba su ba, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne suka rasu a kowane rukuni, wato maganin bai ceci rai ba. A ranar 16 ga wannan wata kuma suka sanar da sakamakon wani tsohon magani mai arha mai suna deksametazon, wanda ke rage kumburi, bayan an ba mutum 2,104 an kwatanta su da 4,321. A cikin waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi, mace-mace sun sauka daga kimanin 41 cikin 100 zuwa kimanin 29, a cikin masu karɓar iskar oksijin kawai an sami ragi ƙarami, waɗanda numfashinsu bai taɓu ba kuwa bai amfane su ba.

Martanin masana a wannan karo ya bambanta ƙwarai, domin a ranar da aka yi sanarwar hukumomin lafiya na Birtaniya suka umarci asibitoci su fara amfani da maganin, ƙasashe da dama kuma suka bi sahu. Akwai likitocin da suka yi ƙorafi cewa an sanar da sakamakon ga manema labarai kafin a fitar da cikakkun alƙaluma, amma an fitar da rahoton cikin kwanaki, sannan aka buga shi a New England Journal of Medicine a watan Yuli. Abin da ya sa aka amince da shi da wuri shi ne an san tsarin gwajin tun kafin a fara, mutanen suna da yawa, ƙuri'a ce ta raba su, kuma abin da aka auna shi ne rai da mutuwa. Masanan da suka ƙi maƙalar Marseille su ne suka karɓi ta Oxford, kuma da tambayoyi iri ɗaya suka yi duka biyun. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wani misali da ya shafi yankin Afirka ta Yamma kai tsaye shi ne na allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wadda masana na Jami'ar Oxford suka ƙirƙiro. A watan Afrilun 2021 aka sanar da cewa gwajin da aka yi a Nanoro ta ƙasar Burkina Faso, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Halidou Tinto, a kan yara 450, ya nuna ingancin da ya kai kashi 77 cikin 100, wanda ya haura kashi 75 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a matsayin buri. Masana sun yi maraba da labarin, amma sun ja hankali cewa yaran ba su da yawa, an yi gwajin a wuri guda, kuma an yi musu allurar dab da damina a yankin da zazzaɓin ke zuwa da yanayi, don haka ba za a kwatanta adadin kai tsaye da na allurar RTS,S da ta riga ta ba. Sun kuma bayyana ma'anar adadin, wato an kwatanta yawan kamuwa da zazzaɓi tsakanin yaran da aka yi wa R21 da waɗanda aka yi wa allurar rigakafin ciwon haukan kare a matsayin rukunin kwatance, ba wai 77 cikin kowane yara 100 sun tsira har abada ba. Babban gwaji a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya ya nuna kashi 75 a yankunan da zazzaɓin ke bin damina da kashi 68 a inda ake fama da shi duk shekara, kuma a watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar, tana mai cewa ba a gwada allurai biyun fuska da fuska ba, don haka babu hujjar fifita ɗaya. Kamaru da Nijar sun fara yi wa yara rigakafin zazzaɓin a 2024, Najeriya kuma ta fara a watan Disamban shekarar a jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma har yanzu jami'an lafiya suna jaddada cewa allurar ƙari ce a kan gidan sauro da magungunan kariya na damina.

Duk da haka, taka-tsantsan na masana ba ya nufin ba sa kuskure, kuma wani lokaci yakan jinkirta gaskiya. A farkon shekarun 1980 likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, sun ce wata ƙwayar bakteriya ce ke haddasa yawancin gyambon ciki, a lokacin da aka yi ittifaƙi cewa damuwa da yawan sinadarin asid ne sanadi, kuma aka ɗauka babu ƙwayar da za ta rayu a cikin tumbi. Manyan likitoci sun yi musu shakka, har Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ƙwayar a 1984 ya kamu da kumburin tumbi domin ya nuna tana cutarwa. Wannan bai wadatar ba, sai da gwaje-gwaje a ƙasashe dabam-dabam suka nuna cewa idan aka kashe ƙwayar da magani gyambon ba ya yawan dawowa, sannan a 1994 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince da wannan hanyar jinya, a 2005 kuma aka ba su lambar yabo ta Nobel. An ɗauki kimanin shekara goma, kuma majiyyata sun sha wahala a tsakani, amma abin da ya sauya ra'ayin masana shi ne tarin hujja, wadda ita ce hanya ɗaya da kowane mai sabon ra'ayi yake da ita, ko yana da suna ko ba shi da shi.

Abin da ya rage shi ne rabon mai sauraro da na ɗan jarida. Labarin kimiyya yakan bi hannuwa da yawa kafin ya iso rediyo ko ya faɗo cikin WhatsApp da Facebook, kuma a kowane hannu ana taƙaita shi, abin da ake fara zubarwa kuma shi ne sharuɗɗan da masu binciken suka gindaya, irin su cewa a ɓeraye aka yi, ko mutanen kaɗan ne, ko ba a tantance maƙalar ba tukuna. Ɗan jaridar da ya san aikinsa zai faɗi inda aka buga binciken, ya faɗi adadin mutanen da aka gwada, ya kuma nemi likita ko malamin jami'a da ba shi da hannu a aikin ya yi sharhi, kuma akwai irin waɗannan ƙwararru a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Mai sauraro kuma yana da ikon yin tambayoyin nan biyar da kansa, wato a kan wa aka gwada, mutum nawa ne kuma da wa aka kwatanta su, dalili ne ko alaƙa, daga nawa zuwa nawa, wa ya biya kuma wa ya maimaita. Idan rahoto bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba, bai kai a gina hukunci a kansa ba, kuma bai dace mutum ya fara shan wani magani, ko ya bar wanda likita ya rubuta masa, ko ya hana yaronsa rigakafi, saboda labari guda da ya ji ba tare da ya tuntuɓi jami'in lafiya ba.

Da haka shirin na wannan mako ya zo ƙarshe.

(Taken rufewa)